Ma'auni bai san galo ba

A ƙasarmu, idan aka ce soja, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne kiɗan badujala a rediyo da sanarwar da ke biye da shi. Ba laifin jama'a ba ne. Wanda ya haura shekara sittin a Nijar ya ji wannan kiɗa a 1974, ya ji shi a 1996 da 1999, ya sake jin sa a 2010 da 2023, kuma littattafan tarihin da muke karantar da yara galibi ba su riƙe komai daga rayuwar bariki ba sai irin waɗannan ranaku da sunayen waɗanda suka hau kujera. Alhali kuwa akwai sojojin da suka ƙare aikinsu ba su harba harsashi ko guda ba, in ba a filin koyo ba. Aikinsu dako ne. Su ne mutanen jiragen ɗaukar kaya na sojan sama: matuƙa, da makanikai, da masu kula da lodi, da masu rediyo.

Kawuna, yayan mahaifiyata, yana cikinsu. Makanike ne mai tashi tare da jirgi, ya shiga aiki yana saurayi, ya fita da galon ajidan da kunne ɗaya da rabi. Duk shekarar da aka kira ni Yamai gyaran takardun jarrabawa gidansa nake sauka, kuma a ƙofar gidan ne abokan aikinsa na da suke haɗuwa bayan la'asar. Abin da na daɗe da lura da shi game da waɗannan dattawa shi ne, ba su iya ba da tarihinsu sai da dariya. Ka yi wa ɗayansu tambaya ta hankali, irin tamu ta malaman makaranta, ka ce yaya aikin yake a zamaninsu, sai ya amsa maka da kalma uku ya koma ga shayinsa. Amma bari wani ya tsokani wani da zancen ranar da ya manta da akwatin kayan aiki a Dirku, to, har a kira magariba ba a rufe wannan babi ba, kuma a cikinsa za ka ji sunan jirgin, da nauyin kayan, da yanayin iskar ranar, da wanda ke riƙe da tuƙi.

Sai mai karatu ya tuna irin ƙasar da aka ba mu a 1960. Faɗinta murabba'in kilomita 1,267,000 ne, kashi biyu cikin uku hamada. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, kuma a lokacin yawancin hanyar jar ƙasa ce da damina ke yankewa. Gudron da ya haɗa Tawa da Agadas da Arlit sai wajen 1980 aka gama shi. Daga Agadas zuwa Dirku da Bilma kuwa har yau babu shi. Gwamnatin da ke son sojanta na Kawar ya ga albashi, ko a ɗauko mai karaya daga can kafin ƙafar ta ruɓe, ba ta da wata dabara sai jirgi. Don haka tun 1961 aka kafa rundunar da aka kira Escadrille Nationale du Niger. Ta fara da Dakota, wato C-47, da ƙaramin Broussard mai inji guda. Daga baya aka samu Noratlas daga hannun sojan saman Jamus ta Yamma, sannan a 1979 aka sayo Hercules C-130 guda biyu, aka ƙara da ƙananan Dornier. Sunan rundunar ya sauya fiye da sau ɗaya kafin ta zama sojan sama mai cin gashin kansa, amma a bakin dattawan nan har gobe Eskadiri ce.

Kowane jirgi mutum ne a wurinsu, da halinsa da abin da ake yi masa gori da shi. Dakota tsoho ne mai haƙuri, wanda aka ƙera fiye da dubu goma irinsa a zamanin yaƙin duniya na biyu. Ƙaramar tayarsa a wutsiya take, saboda haka idan yana ƙasa sai ya zauna hanci sama kamar kare mai jiran a miƙo masa loma, daɓen cikinsa kuwa ya zama tudu. Duk wanda ya taɓa tura gangar mai daga ƙofa zuwa gaba bai manta ba, bayansa ma bai manta ba. Injinsa kullum yana ɗigar da baƙin mai, har suka mai da abin karin magana: in ka zo da safe ka tarar ƙarƙashin Dakota a bushe, kada ka yi murna, babu ko ɗigo ne a cikinsa.

Noratlas kuwa ita ce abar ƙaunar kawuna, ita ce kuma ta cinye masa kunne. Jirgi ne mai siffa ta daban: ciki ƙato kamar rumbu, an rataye shi tsakanin sanduna biyu masu riƙe da wutsiya, ƙofar baya tana buɗewa gida biyu kamar ɓawon gyaɗa. Faransawa suna ce mata La Grise saboda launinta na toka. Ƙararta ba ta misaltuwa, shi ya sa majalisar ƙofar gidan nan ake jin ta daga bakin titi, maƙwabta baƙi su ɗauka faɗa ake yi. Kawu yakan ce kunnen hagu Noratlas ya ba, na dama kuma ya ajiye wa Hajiya, amma ita Hajiyar ta ce ba ta taɓa ganin ajiyar ba. Akwai wani gori da mutanen Noratlas ke yi wa waɗanda suka zo a zamanin Hercules, wanda sai mai sanin ƙarfe ke gane shi. Injin Noratlas ƙirar Ingila ne da ake haɗawa a Faransa, sunansa kuma Hercules. Sai su ce wa na bayansu: ku da Arkil guda kuke taƙama, mu da biyu muke tashi tun kuna lakwal da gajeren wando.

Amma mafi yawan barkwancinsu, in ka tattara shi, kan abu guda yake komawa, wato nauyi. A nan ne na ga abin da ya sa nake wannan rubutu.

Fiffike bisa iska yake dogara, inji ma da ita yake numfashi. Iska kuwa idan ta yi zafi sai ta yi sako-sako, ta rage kauri. Saboda haka kayan da jirgi zai ɗaga cikin sauƙi da asubar hunturu, ba zai iya ɗaga su ba a fili guda da azahar a watan Mayu, sai ya cinye filin duka yana gudu bai rabu da ƙasa ba. Ban da yawan nauyin, akwai kuma wurin da aka ajiye shi. Kamar mangalar jaki ne, sai dai a jirgi ba hagu da dama kawai ake duba ba, gaba da baya sun fi muhimmanci: kaya suka rinjayi baya, hanci ya ɗaga ya ƙi sauka, suka rinjayi gaba, ya ƙi ɗagawa. Mai da za a zuba shi ma nauyi ne, duk buhun da aka ƙara sai an rage wani abu a madadinsa. Wannan lissafi mai kula da lodi da makanike ke yin sa a takarda, matuƙi ya sa hannu. Galibinsu kuwa sarjan ne ko ajidan.

To, a ƙasar da babu mota, jirgin soja shi ne motar kasuwa ta kowa. Da zarar an ji ƙararsa ya sauka a Dirku, sai garin ya taso. Sojan da aka canja wa wurin aiki ya zo da iyali da gado da turmi. Wani yana da dabinon Kawar da zai aika wa surukai, wani kantun gishirin Bilma, in Layya ta gabato kuwa raguna ne ke layi. Tafiyar da ayarin raƙuma ke kwana da kwanaki yana yi a Tenere, Hercules awa guda da ƴan mintoci ne gare shi, wa zai ƙi? Talaka in aka ce masa babu wuri sai ya koma gefe ya yi tagumi. Matsalar ita ce mai galo. Ta yaya sarjan zai dubi kumandan a gaban sojojinsa ya ce masa a'a, a cikin aikin da aka gina bisa cewa umarni ba a mayar da shi?

Amsar da suka samo ita ce raha. Wani dattijo Bagobiri a majalisar, wanda ya yi shekaru yana kula da lodi, shi ne gwanin wannan fanni, kuma labarinsa da wani kumandan Bazabarme na ji shi ya fi sau goma. Kumandan ya zo da buhuna a bayan mota bayan an rufe lissafi, ya ce a saka. Bagobirin ya ƙame, ya sara masa, ya ce: «Ranka ya daɗe, buhuna za su tafi. Sai dai a zaɓa mini abin da zan sauke, ko mai ko kai. Ni dai a ganina mai ya fi ka amfani a sama, amma Bazabarme ai ba ya jin shawarar ubangidansa.» Sojojin da ke wurin suka fashe da dariya, kumandan ya zage shi da bawan banza, ya ce tun kakanni Gobirawa ba su san girma ba, ya sa aka mai da buhunan mota. Ba wanda ya ji kunya. Jirgi ya tashi da nauyin da takarda ta ce.

Wanda bai san ƙasar nan ba zai ce rashin ɗa'a ne. Mu kuwa mun san wasan taubasai ne, wanda ke tsakanin Bagobiri da Bazabarme, da Bafillace da Babarbare, da Buzu da Bazabarme, wanda hukumar UNESCO ta saka cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. A tarurrukanmu na ƙungiyoyi mun saba yabon sa da cewa yana kashe wutar rikici, yana sa zumunci. Gaskiya ne, amma ina ganin mun rage masa daraja da muka mai da shi abin nishaɗin dandali kawai. A bakin ƙofar jirgi aikinsa ya fi haka nauyi: hanya ce da ƙarami ke gaya wa babba gaskiyar da babban ba ya son ji, ba tare da an tozarta kowa ba. Kumandan ya san lissafin daidai ne. Abin da yake bukata shi ne ƙofar da zai bi ya janye da mutuncinsa, dariya kuma ta buɗe masa ita. Mu mutanen Damagaram da muka tashi muna kallon wasan kara, inda yara ke kwaikwayon gwamna da sarki a gaban idonsu, bai kamata wannan ya zama baƙon abu gare mu ba. Inda babu taubashi a kusa, in ji su, sai a ƙirƙiro shi: makanikai da matuƙa suka zama abokan wasa, mutanen Dakota da na Noratlas haka nan. Nakan yi tunani, da ma a ce tsakanin malami da mai duba makarantu akwai irin wannan ƙofa, da an rage yawan ajujuwan da ake rubuta wa rahoton lafiya lau alhali yara ɗari ne a kan tabarma.

Ba kullum dabarar ke ci ba, su ma ba su ɓoye wannan. Akwai manyan da ba su san wasa ba, akwai ranakun da aka tashi da abin da bai kamata ba, kowa ya riƙe numfashi har tayoyi suka bar ƙasa dab da ƙarshen fili. Waɗannan ma da dariya ake ba da su, amma wata iri ce, gajera.

Tsoro shi ne abu na biyu da suke wasa da shi, kuma yana da ƙa'ida. Mutum yana ba da labarin tsoronsa ko na tsaransa. Ban taɓa jin sun yi dariyar mara lafiya ko mace mai naƙuda da aka ɗauko ba. Kafin na'urar tauraron ɗan Adam ta zo, ratsa Tenere da kamfas da agogo da lissafin gudu ake yi, in hazo ya sauko kuwa sama da ƙasa su zama launi guda. Wani tsohon mai rediyo yakan ce a irin wannan rana ya gano jirgin cike yake da malamai, domin mutanen da bai taɓa gani a masallacin bariki ba sai ga su suna jan surori masu tsawo ba tuntuɓe. Kuma duk wanda ya taɓa ɓata hanya, ko da ta minti biyar ce, ba shi da sauran suna sai direban itacen Tenere. Mai karatu ya san labarin: itace guda tilo a tsakiyar hamada, wanda har a taswira ake sa shi, ba wani a kusa da shi tsawon ɗaruruwan kilomita, amma a 1973 wani direban babbar mota ya samu hanyar da ya bi ya kaɗe shi. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai.

Idan hira ta gangaro kan shekarun yunwa, sai raha ta fara ja da baya. A farin 1973 da 1974 Eskadiri ba ta da Hercules tukuna, Noratlas kuwa ba ta ɗaukar ko rabin abin da yake ɗauka, sai jiragen ƙasashen waje irin su Beljiyam da Jamus suka zo taimakon jigilar hatsi zuwa arewa. Makiyayan da dabbobinsu suka ƙare suka cika sansanin Lazare a bakin Yamai, kuma zancen rabon taimakon nan yana cikin dalilan da sojoji suka bayar ranar 15 ga Afrilu 1974. A yunwar 1984 da 1985, wadda talakawa suka raɗa wa El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya, Hercules na nan. Yana ɗaukar wajen tan 19, wato buhu 190 na kilo ɗari. Ka raba wannan ga gari guda na masu jin yunwa, ka ga kwana nawa zai kai su. Dattawan sun yi wannan lissafi tun suna cikin aikin, shi ya sa ba su taƙama da shi. Suna da ɗan barkwanci kan jar dawar Amurka da ko tuwonta ba ya kama jiki. Amma kawu ya taɓa gaya mini cewa bayan an sauke kaya, aikinsu ne su share daɓen jirgi, sai suka daina sharewa da kansu, domin akwai matan da ke jira a gefen fili da ƙwarya saboda ƙwayoyin da suka zube. Da ya faɗi haka bai ƙara komai ba, babu kuma wanda ya karɓe zancen.

Akwai abu guda da ba a wasa da shi ko kaɗan. A watan Afrilu na 1997 ɗaya daga cikin Hercules biyun nan ya faɗi dab da Yamai yana shirin sauka, mutum 14 suka rasu. Ina ɗan lise a lokacin, a rediyo na ji. Mutanen majalisar nan kuwa sun san waɗanda ke ciki da sunayensu da na ƴaƴansu, wasunsu su suka koya musu aiki. Ba su kiran jirgin da lambarsa kamar yadda suke kiran sauran, sai su ce «ɗayan». Idan baƙo ya ɗauko zancen, sai wani ya ce Allah ya jiƙan su, a shafa, a zuba shayi na gaba.

A matsayina na mai karantar da Faransanci da Hausa, harshen da suke wannan hira da shi ya daɗe yana ba ni sha'awa, domin ba ya da wurin zama a ko ɗaya daga cikin ajujuwana biyu. Ƙashin maganar Hausa ne, ko Zabarmanci in abin ya motsa, sunayen kayan aiki kuwa Faransanci ne da aka tanƙwasa: mun dekole, mote na biyu ya yi fan, fisti ya yi gajere. Ɗalibi ya rubuta haka a jarrabawa, ko wane ɓangare ne, jan biro zai sha. Amma harshe ne da ya yi aiki shekaru da dama a wurin da kuskuren fahimta ke kashe mutane, kuma yana da dokokinsa. Jirgi a Hausa namiji ne, avion ma haka, amma kawu bai taɓa cewa «shi» ga Noratlas ba, kullum «ita» ce, Hercules kuwa «shi». Na tambaye shi ko saboda La Grise ne, ya ce: «Kai dai, Mushe, komai sai ka nemo masa nahawu. Wadda ka kwana a ƙarƙashinta shekara goma kana lallashi, ai ba ka ce mata shi ba.» Ni ma a rubutun nan na bi shi.

Ƙungiyoyinmu na al'adu sun yi ƙoƙari wajen naɗar waƙoƙin kokowa da tatsuniyoyi da tarihin sarauta, kuma sun kyauta. Amma mun saba ɗaukar al'ada a matsayin abin da ya girmi zuwan Nasara, duk abin da ke da warin kananzir kuwa mu bar wa hukuma. Hukuma kuma takardunta lambobi ne: ranar tashi, awoyin tafiya, nauyin kaya. Yadda aka yi sarjan ya hana kumandan lodi ba ya cikin kowace takarda, yana bakin mutanen da yawancinsu sun haura saba'in. Lokacin da na fara zama a majalisar nan benci biyu ake fitarwa. Bana guda ya ishe su.

Aikin kansa bai tsaya ba. Tsakanin 2021 da 2022 Amurka ta miƙa wa Nijar Hercules uku, kafin sojojinta su bar ƙasar a 2024. Ouma Laouali, wadda ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgi a sojan saman Nijar a 2015, ta kammala koyon tuƙin wannan jirgi a Amurka a 2020. Labarinta ya raba majalisar gida biyu na tsawon yamma guda, har Bagobirin nan ya kashe gardamar da cewa shi ya yi aiki da matuƙa maza da yawa da ba su jin maganar makanike, in ita tana ji, to a ba ta galonsa ma ta ƙara. Wani jika ya kawo hoton ɗaya daga cikin sababbin jiragen a waya, ranar da aka yi bikin karɓar sa, manyan baƙi sun jeru a gabansa. Kawu ya sa tabarau ya duba. Bai tambayi ko su wane ne a hoton ba, sai ya miƙa wa yaron wayar ya ce ya ƙara masa girman wajen tayoyin, yana son ya ga ko an sa musu waigi.